Jirgin da Na Ɗinka wa Anko

Maigidana mutum ne mai hankali a komai, in ka cire abu ɗaya. Ba ya shan taba, ba ya zaman gulma, in ya tashi daga aiki a filin jirgi, inda yake tuƙa 'yar motar da ke jan kaya zuwa gindin jirage, kai tsaye zai kamo hanya daga unguwar Jamaica ya dawo gida Flatbush, a nan Brooklyn ta Amurka. Amma da ya ci abinci ya yi salla, sai ya shimfiɗa jarida a kan teburin kicin ɗina, ya zazzage kwali cike da ɓarɓashin roba, ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya shiga haɗa ƙananan jirage da gam da hanzaki. Mutumin da ya wuni a ƙarƙashin jirgi na gaske! Na ce masa, “Alhaji, mahauci ma in ya koma gida ba ya zana saniya a bango.” Ya ce ban gane ba. Gaskiyarsa, har yau ban gane ba.

Tun ina ƙorafi har na gaji. Jirage suka cika silin ɗin falo, kowanne yana lilo a jikin zare. Shogilas ɗin da na saya don jera tangarayena, a hankali suka cinye shi, sai da na wayi gari kwanukana suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, jirage sun zauna a gurbin kofunan shayi. Kuma ba wai ya haɗa ya ajiye ba ne kawai. Dole komai ya fito yadda yake a jikin na gaskiyar. In littafi ya ce lambar jirgi tana gaban ƙofa, shi kuma ya manna ta a baya, to ranar tuwo ba zai yi masa daɗi ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai ba a yi wa tarihi ƙarya. Na ce to, tarihin nan dai bai taɓa taya ni wanke-wanke ba.

Ni kuma aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Na jima ina kula da wata tsohuwa Bayahudiya da ke can ƙasan unguwarmu, bas ɗaya nake hawa in je. Ta haura tasa'in, ga ta 'yar firit, amma bakinta sai wanda ya ji. Kaka nake ce mata. Da ta tambayi ma'anarsa na faɗa mata, sai ta ce ta karɓa, amma kar in kuskura in faɗa a gaban likitanta, don tana da niyya a kansa. Ni nake yi mata wanka, in taje mata gashi, in dafa mata miyar kazar da kullum sai ta ce ba gishiri, alhali ita aka hana wa gishirin. Mu yi faɗa, mu shirya. In lokacin salla ya yi ita take tuna min, ta ce, “Je ki, Ubangijinki yana jira, ni ba inda zan gudu.” Mahaifiyata ta rasu a Kano ina nan ban samu zuwa ba, kuma a kafaɗar wannan tsohuwar na yi kukana. Ina son ta, ba wani ɓoye-ɓoye.

A gidanta na san alamar nan. A Kano ban san ta ba, ko na gan ta zan ɗauka wani adon Turawa ne. Baƙin gicciye ne mai hannu huɗu, kowane hannu a lanƙwashe, tambarin gwamnatin Jamus ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta yi wa Yahudawa kisan kiyashi. Wata rana muna kallon labarai aka nuno wasu 'yan iska sun fesa ta a jikin wani bango. Kaka ta ce in kashe talabijin. Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta yi min tsiya ko ɗaya ba. Da yamma ta ce min tana ƙaramar yarinya a Poland aka fara yaƙin, kuma a duk gidansu ita da uwarta kaɗai suka tsira. Iya abin da ta faɗa ke nan, ni ma ban tona ba.

To, a satin da 'yarmu ta fari ta haihu ta dawo wajenmu wankan jego, a satin ne Alhaji yake ƙarasa wani sabon jirgi. Mummuna ne, fukafukansa a karye, ƙafafunsa a waje kamar shirwa za ta sure ɗan tsako. Ina tsaye ina dama wa mai jego kunu, na waiga na ga yana tsamo wata 'yar sitika daga kofin ruwa da hanzaki.

Na ce, “Alhaji, mene ne wannan?”

Ya ce, “Rabi ne.”

“Rabin me?”

Sai ya nuna min takardar sitikun. Ashe masu yin jiragen ba sa son a ce sun sayar da alamar, sai suka raba ta gida biyu, rabi a wannan kusurwa, rabi a waccan, kowanne shi kaɗai ba ya kama da komai. Wanda ya saya shi zai haɗa da hannunsa. Na ce, “Ikon Allah! Wato sun yanka zunubin biyu sun ce kai ka ɗinke.” Ya ce ba zunubi ba ne, tarihi ne. Ina kallo ya haɗa rabi da rabi a wutsiyar jirgin, ya juya ya haɗa na ɗaya gefen, ya hura musu iska da baki don su bushe. Sai ga abar nan ta fito ɓaro-ɓaro a kan teburin da nake yanka albasa.

Gabana ya faɗi, don kuwa a ranar da safe na nuna wa Kaka hoton jaririya a waya, ta ce za ta zo suna. Na ce mata gidanmu bene ne, lif ɗin kuma yana aiki ne ranar da ya ga dama. Ta ce, “Shekara da shekaru kina ganin tsiraicina, ni ban taɓa ganin falonki ba. Ko a kafaɗa ne a ɗauke ni.” Wa zai hana ta?

Na ajiye ludayi na ce wa Alhaji ya kankare abar nan yanzu-yanzu. Ya ce, “Ni ban ce mutanen kirki ba ne. Azzalumai ne, Allah ya tsine musu. Amma haka jirgin yake. In na cire, na wanke su ke nan, na mayar da shi jirgin kai alhazai.” Maganar ta ɗan shige ni, amma ban bari ya gani ba. Na ce, “Kai tarihinka a littafi yake. Ni nawa ranar Lahadi zai hawo bene ya zauna a kujerar nan. In matar nan ta ga wannan a falona, me za ta ɗauka game da hannun da ke yi mata wanka?” Ya ce zai yi mata bayani. Bayani! Shi da in ya fara bayanin farfelar jirgi sai baƙo ya tuna yana da uzuri.

Na ce to a ɓoye shi. Ya ce bai yi sata ba, kuma ya riga ya yi wa abokan aikinsa alkawarin za su gani ranar suna. Yana fita na ɗauke jirgin na tura shi saman firij, bayan buhun gero. Ya dawo ya gano shi, ya mayar cikin shogilas. Na sake ɗaukewa na cusa a cikin kayan sawa, 'yar eriyarsa ta karye. Wallahi mutumin nan zama ya yi riƙe da robar da ba ta kai tsinken sakace ba, sai ka rantse rasuwa aka yi masa. Muka yi ta sa-in-sa, har mai jego ta ɗaga murya daga ɗaki da Turancinta, wai mu yi wa Allah, jaririya tana barci.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai muka yi abin da muka saba, muka kai ƙara wajen liman. Limaminmu dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, yana zaune a unguwar Morris Heights da ke Bronx. Shi ya ɗaura auren 'yarmu, shi kuma zai raɗa wa jaririya suna. Muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, Alhaji rungume da kwalin takalmi a cinya, duk wanda ya matso sai ya tare shi da gwiwar hannu. Haka muka tafi tun daga Brooklyn har Bronx.

Liman ya buɗe kwali, ya ɗaga jirgin ya kai saitin taga. Ina jiran ya dubi wutsiya, shi kuwa idonsa yana kan ɗan gilashin da ke sama.

Ya ce, “Wane ne wannan a ciki?”

Alhaji ya ce, “Matuƙi ne, Allah gafarta Malam.”

“Da ido? Da hanci?” Ya gyara tabarau ya ƙara matsowa. “Subhanallahi, har da baki. Alhaji, mutum-mutumi cikakke a ɗakin da ake salla? A cire kan.”

Alhaji ya zabura. “Allah gafarta Malam, ai jirgi ba ya tashi da matuƙi marar kai!”

Liman ya ce, “Wannan ɗin tashi yake yi?”

Na danne dariyata da gefen mayafi, na ce mu fa ba wannan ya kawo mu ba, a dubi wutsiya. Na kwashe labarin Kaka na faɗa masa. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai, ya ce ya san alamar, ya san ta'asar da aka yi a ƙarƙashinta. Sai ya ce Alhaji yana da gaskiya, ba a share abin da ya faru. Ni ma ina da gaskiya, ba a tarbar baƙo da abin da zai fama masa ciwo. Abin da ba za a cire ba, kuma ba ya nunuwa, mu abin da muka gada a kansa shi ne sutura. A suturta wutsiyar, a cire kan matuƙi, Allah ya raya abin da aka samu.

Muka dawo gida kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya ci shari'a. Alhaji ya ɓamɓare gilashin, ya sa reza ya fille wa matuƙi kai yana ta istigfari, ban sani ba ko na yin mutum-mutumin ne ko na kisan. Ni kuma na zauna a keken ɗinki. Ƙyallen da ke kusa da hannuna shi ne ragowar atamfar ankon suna, ruwan goro mai zanen ganye, wadda duk matan dangi za su saka. Da ita na ɗinka wa wutsiyar 'yar riga mai zariya. Alhaji ya tsaya a kaina da rula, wai kar ta yi yawa ta rufe ƙaramar tayar baya. Da na ɗaura mata, ya ja da baya ya kalla, ya ce babu wannan a tarihi. Na ce matuƙi marar kai ma ban ji labarinsa ba.

Ranar suna gida ya cika maƙil. Mutanen Bronx sun zo, na Jamaica sun zo, ga masa da miyar taushe, ga yara suna tattake mana ƙafa, ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Lif ma ranar ya ji tsoron Allah. Ɗan Kaka ya kawo ta a mota, ya turo ta a kujerarta mai taya har falo, ya ce zai dawo ya ɗauke ta. Na zaunar da ita ta ba shogilas baya, na ɗora mata jaririya a cinya. Ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar, tana yi mata wata 'yar waƙa da yarensu. Mata suka yi ta zuwa gaishe ta, kowa Kaka, Kaka, ita kuma tana amsawa kamar da ma tare muka zo da ita daga gida. Ta ɗanɗana masa ta ce ba gishiri. Na ce a raina, alhamdulillahi, mun tsallake.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Abokan aikin Alhaji suka shigo, ya tashi da rawar jiki ya buɗe shogilas, suka taru suna ta “kai, kai, kai!” Kaka ba ta son a yi abu a bayanta. Ta miƙa wa mai jego jaririya, ta juya kujerarta da kanta, ta ce, “Me ake kallo ban da ni?”

Na yi wa Alhaji ido, na yi masa tari, saura kaɗan in jefe shi da cokali. Bai gani ba, ko ya gani ya rasa yadda zai yi. Ya ɗauko jirgin da hannu biyu ya ɗora mata a cinya. Ta ƙura masa ido. Ni kuwa ina tsaye da tiren masa, zufa tana bin bayana. Ta kai yatsa ta taɓa 'yar rigar wutsiya, ta dubi zanen da ke jikina, ta dubi na sauran mata, ta ce, “Shi ma dangi ne?” Falo ya kwashe da dariya. Ta leƙa cikin gilashin ta ce, “Wa ya cire wa wannan kai?” Alhaji ya ce limaminmu ne ya ba da umarni, ya nuna shi yana gefe yana cin masa. Ta ce, “Ina son limaminku.” Sannan ta ce wa Alhaji aikin ya yi kyau, ba ta taɓa ganin wanda ya yi kama da na gaske haka ba.

To kun dai san halinmu. In ka yaba hular mutum zai ce maka ɗauki mana, kai kuma ka ce a'a, ta fi kyau a kanka, a rabu lafiya hula tana kan mai ita. Alhaji, wanda ya shekara yana neman wanda zai yaba masa jirgi, bakinsa ya riga kansa. Ya ce, “Ai naki ne, Kaka. Ɗauki mana.”

Ta ce, “Na gode. A samo min kwali.”

Innalillahi! Alhaji ya tsaya baki buɗe yana jiran ta ce a'a. Ni ma ina jira. Liman ma ya daina tauna. Ita kuwa ta rungume abinta. Magana zarar bunu ce, ga abokan aiki, ga surukai, ga liman, ta ina Alhaji zai yi amai ya lashe? Da hannunsa ya ɗauko kwalin takalmin nan, ya shimfiɗa auduga, ya kwantar da jirgin a ciki, ya raka shi har mota yana cewa a yi a hankali a kan ramuka.

Da baƙi suka watse na ce masa, “Ka ga abin da tayinka ya jawo?” Ya ce laifina ne da na ɗinka rigar ta yi kyau har ta ja ido. Ya ce kuma ta yaya mutum zai shekara tasa'in a duniya bai san ana cewa a'a ba.

Washegari na je aiki, ina shiga ɗakinta na gan shi. Ta sa ɗanta ya ɗora shi a kan durowar da ke fuskantar gadonta, a tsakiyar hotunan mutanenta, da atamfarsa ruwan goro. Da ma a falona ne nake tsoron ta gan shi na yini ɗaya, yanzu ga shi a ɗakin barcinta, zariya ɗaya ce tsakaninta da abin da ke ƙasa. Na ce, “Kaka, bari in mayar da shi saman kabad, kar ya faɗi.” Ta ce a bar shi a nan. Na ce ƙura za ta ɓata shi. Ta ce ai aikina ne shara. Alhaji ya ba ni wani jirgin Amurka mai tauraro, ya ce in kai mata canji, ya fi girma, matuƙinsa ma da kai. Ta kalle shi ta ce, “Wannan tsirara yake. Mayar masa.”

Haka na shiga uku na makonni. Duk lokacin da na kai ta banɗaki sai in zagayo da gudu in ƙara wa zariyar ƙulli, har ƙullin ya fi wutsiyar kauri. Wata nas da ke zuwa auna mata jini ta ga jirgin ta ce kai, abin sha'awa, ta kai hannu za ta ɗaga rigar. Ban san lokacin da na daka mata tsawa da Hausa ba, har ta yar da abin awonta. Na ce mata al'adarmu ce, ba a taɓawa. Ta ba ni haƙuri sosai, baiwar Allah. In na koma gida kuma Alhaji ya tare ni a ƙofa da tambaya, wai jirgin ba ya cikin rana dai ko, don rana tana kashe fenti. Na rame, wallahi na rame. Ina taje mata gashi ina tunanin ranar da za ta kwance zariyar nan ta kalle ni da wani ido.

Wata rana na fashe masa da kuka a kicin. Da safe zan fita ya miƙo min wani ɗan guntun sanfefa, takardar nan ta goge katako, a cikin leda, kansa a ƙasa. Ya ce, “A hankali za ki goga. Kar ki taɓa lambar da ke kusa.”

Kaka takan yi barci a kujerarta bayan abincin rana. Na jira har numfashinta ya daidaita, na lallaɓa zuwa durowa, na shiga kwance ƙulle-ƙullen da na yi da hannuna, har da haƙori. Na zare rigar. Sai na ga babu alamar. An shafe wurin da jan farce, ja wur, mai kauri, ya zurara ya bushe, ya ɓata har lambar da Alhaji yake tsoro. Aikin hannu mai rawa ne.

Daga bayana na ji ta ce, “Ɗaya gefen ya gagare ni, na kasa juya shi. Kwalbar tana cikin durowar sama.”

Na juyo. Idonta biyu, tana kallona. Na zauna a bakin gado da 'yar rigar a hannu. Na ce, “Kaka, tun yaushe?”

Ta ce, “Tun ranar da na kawo shi. Ni na mayar da zariyar, ke kuma kika yi ta ƙara mata ƙulli. Ina jin ki daga banɗaki.”

Na fara ba ta haƙuri, ina haɗa Turanci da Hausa, ina cewa Alhaji ba son masu alamar yake yi ba, wallahi ba son su yake yi ba, shi dai cewa yake yi haka jirgin yake. Ta ɗaga min hannu.

Ta ce, “Haka yake, bai yi ƙarya ba. Tun kafin ya ɗora min shi a cinya na gane shi, da fukafukan da ƙafafun. Muna kan hanya muna gudu suka zo, uwata ta tura ni cikin rami ta kwanta a kaina, ta ƙarƙashin hannunta nake kallo. Ki faɗa wa mijinki mu da ke ƙasa ba mu taɓa ganin wutsiyar ba. Cikinsa muke gani, da ƙafafun nan.”

Na ce, “To me ya sa kika karɓa? Me ya sa kika ajiye shi a gaban gadonki?”

Ta ce, “Na ajiye shi a inda zan sa masa ido. Na karɓa kuma don na ga jaririya a gidan. Ba zan tafi in bar ta tana barci da wannan a falo ba.”

Nan na yi kuka, irin na ranar rasuwar mahaifiyata. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi in ƙarasa aikin kafin kwalbar ta bushe. Na juya jirgin, na shafe ɗaya gefen, nawa aikin ma bai fi nata kyau ba. Ta ce in ya bushe in ba ɗanta ya san inda zai kai shi, ta gaji da kallonsa. Na ce to. Na ninke 'yar rigar zan saka a jaka, ta ce in ajiye mata abarta.

Ta ce, “Abin da ya ɓata min rai ma ba ki tambaya ba.”

Na ce, “Mene ne, Kaka?”

Ta ce, “Duk matan da ke gidanki ranar nan wannan atamfar suka saka. 'Yarki ta saka, ƙawayenki sun saka, har wannan la'anannen kin zauna kin ɗinka masa. Ni kaɗai na zauna a tsakiyarku da rigata ta gida. Kina ce min Kaka, Kaka.”

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Wallahi ko sau ɗaya bai zo min a rai ba. Na ce mata atamfar ta ƙare a wajen mai sayarwa, amma zanena yana nan, falle biyu ne, zai ishe ta riga har da ɗankwali. Ta ce ba ta son mai faɗin wuya, tana jin sanyi, kuma a sa mata aljihu. Ban zo da tef ba, sai na ce ta gyara zama, na auna kafaɗarta da tafin hannuna.